Na'urar kama satar gida ta Kofin Duniya na 2022: ta iya awo, ba ta iya bayani ba

Wasan Saudiyya da Ajantina na ranar 22 ga Nuwamba, 2022, a filin Lusail shi ne ya fi dacewa a gwada wannan na'ura da shi, domin a rabin farko kaɗai ƙwallo ta shiga ragar Saudiyya sau huɗu, amma ɗaya tak aka ƙirga. Ajantina ta zo da tarihin wasa 36 ba a doke ta ba, aka tashi Saudiyya na da 2, ita tana da 1. Saleh Al-Shehri ya farke a minti na 48, Salem Al-Dawsari ya ƙara a minti na 53, Sarki Salman kuma ya ba da hutu washegari. A gidajen kallo na Najeriya, inda aka take wasan da ƙarfe 11 na safe, gardamar da ta biyo baya ta fi karkata kan na'urar fiye da kan 'yan wasan.

Ga abin da ke cikinta. Akwai kyamarori 12 da aka kafa a ƙarƙashin rufin filin, aikinsu bin sawun ƙwallo da 'yan wasa. Suna lura da wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a kowace daƙiƙa. Sai ƙwallon Al Rihla ta kamfanin Adidas, wadda aka rataye wata 'yar na'ura mai nauyin giram 14 a tsakiyarta, tana aika bayanin motsinta sau 500 a daƙiƙa. Shi ya sa ake yi wa ƙwallon caji kafin wasa kamar wayar hannu. Idan ɗan wasan da ya yi satar gida ya karɓi ƙwallo, sai saƙo ya isa ɗakin VAR, inda alkalai masu duba bidiyo suke zama. Alkalan da ke can su duba abu biyu da idonsu: lokacin da aka buga ƙwallon, da layin da kwamfuta ta ja. In sun gamsu, su sanar da alkalin wasa ta na'urar kunnensa. Bayan haka ne ake haɗa hoton zane da ake nuna wa 'yan kallo.

Babban amfaninta yana wajen gano lokacin bugu, kuma lissafin mai sauƙi ne. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa tana barin giɓi tsakanin hoto da hoto. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa yana cin santimita 16 a cikin wannan giɓin. In mai tsaron baya yana fitowa a daidai lokacin da ɗan gaba ke kutsawa, tazarar ta ninka. Da tsohon tsarin VAR, mutum ne ke zaɓar hoton da yake ganin a nan ƙafa ta taɓa ƙwallo, kuma kuskuren hoto ɗaya ya isa ya mai da halal haram. Da bayanin da ke fitowa daga cikin ƙwallon, giɓin ya ragu zuwa ƙasa da santimita 2. A wannan ɓangaren babu abin kushewa.

Ta kuma yi wa Saudiyya adalcin da idon mai ɗaga tuta ba lallai ya yi mata ba. Koci Hervé Renard ya tura 'yan bayansa can gaba, suna fita tare a layi ɗaya, har aka kama Ajantina da satar gida sau 10. Dabara ce mai haɗari, wadda ke rushewa in aka yi kuskuren hukunci sau ɗaya. Ƙwallon Messi ta minti na 22 da ta Lautaro Martínez ta minti na 35 tuta ce ta kashe su. Ta minti na 27 ita ce ta na'ura: an riga an yi murna, sai aka ce kafaɗar Lautaro ta wuce. Doka ba ta ƙirga hannu, amma iyakar hannu a wajenta daidai ƙasan hammata take, don haka kafaɗa tana cikin abin da ake aunawa. Da an ƙirga ƙwallon, da Ajantina ta yi 2 da nema, kuma da wuya a ce labarin bai sauya ba.

Matsalar tana wajen nunawa. Hoton zanen ba ya fitowa sai an ci gaba da wasa, wani lokaci bayan mintuna, kuma yakan nuna ɗan gaba da mai tsaron baya ɗaya ne kawai, sauran filin babu kowa. Kafin ya fito, mutane sun riga sun ɗauki hoton talabijin sun ja nasu layin. Magoya bayan Ajantina sun yi ta yaɗa hoton da ke cewa an manta da ɗan bayan Saudiyya Yasser Al-Shahrani a gefen hagu. Kyamarar talabijin a karkace take kallon fili, shi ya sa wanda ke can nesa yake zama kamar ya fi kowa kusa da raga. To amma wanda bai ga dukkan 'yan baya a hoton hukuma ba, da me za a rufe masa baki? Haka aka yi a wasan da Japan ta ci Sifaniya 2 da 1 ranar 1 ga Disamba. Ƙasan ƙwallon da Kaoru Mitoma na Japan ya maido daga bakin layi aka ci ta biyu da ita ya fita, amma cikinta yana saman layi, kuma doka ta ce sai duka ta fita. Hukuncin daidai ne, sai dai FIFA ba ta fitar da hoton da ya tabbatar ba sai washegari, bayan Jamus, wadda nasarar Japan ta fitar daga gasar, ta riga ta tattara kayanta. Wannan ba aikin na'urar satar gida ba ne, amma cutar ɗaya ce.

Akwai kuma abin da mai kallo ya kamata ya daina ɗora mata. Fenaritin da Messi ya ci a minti na 10, alkalin wasa Slavko Vinčić ne ya je allon gefen fili ya kalli yadda aka riƙe Leandro Paredes na Ajantina, ya yanke da ra'ayinsa. Na'ura ba ta auna riƙo. Haka a wasan da Tunisiya ta doke Faransa 1 da nema: Griezmann na Faransa ya zura ƙwallo a ƙarshen wasa, kuma kowa ya yarda yana gaba lokacin da aka ɗago ƙwallon, tambayar ita ce ko kan da ɗan bayan Tunisiya Montassar Talbi ya sa da gangan ya buga, abin da zai wanke shi. Alkalin wasa Matthew Conger ya soke ƙwallon bayan ya riga ya busa tashi. Faransa ta kai ƙara, FIFA ta yi watsi da ita.

Mafi sauƙin gwaji a gidan kallo shi ne a lura da inda alkali ya nufa. In ya tsaya da yatsa a kunne sannan ya ɗaga hannu, awo ne, kuma a gasar nan awon ya cancanci a yarda da shi. In ya ruga wajen allo, hukuncin nasa ne, gardama kuma ta halatta.

A wajen awo na'urar ta ci maki 9 cikin 10. A wajen gamsar da wanda ya biya kuɗin kallo, 5 ma da ƙyar, har sai an riƙa nuna layin da dukkan 'yan baya a jiki kafin a sake take wasa.