Kafin ka ba da kwangilar manhaja: Waterfall, Agile ko Spiral?

Idan za ka biya a haɗa maka manhaja, kafin a kai ga maganar kuɗi ka tambayi tsarin da za a bi wajen aikin. Shi zai nuna maka yaushe za ka fara ganin abin da ka biya, da kuma abin da zai ci ka idan ka canza shawara.

Waterfall shi ne tsohon hannu. A rubuta dukan buƙatu, a zana fasali, a gina, a gwada, sannan a miƙa. Ba a shiga wani mataki sai an rufe na baya. Ana danganta shi da takardar da Winston Royce ya rubuta a 1970, ko da yake shi kansa ya yi gargaɗin cewa bin sa kai tsaye na da haɗari. Daɗinsa, kuɗi da wa'adi a rubuce suke tun farko. Illarsa, gwaji sai a ƙarshe. Ka ce an yi nisa sannan aka gano masu saye ba sa gane shafin biyan kuɗi: gyaran zai taɓa tushe, kuma kowane canji sabon lissafi ne. Ya fi dacewa da aikin da doka ta riga ta fayyace, kamar manhajar na'urorin asibiti, inda ake yawan amfani da ɗan'uwansa V-Model, wanda ke haɗa kowane mataki da nasa gwajin.

Agile ya samu sunansa a 2001, lokacin da mutum 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Utah ta Amurka. Reshensa da ya fi shahara shi ne Scrum, inda ake yanka aikin zango-zango, kowanne bai wuce wata guda ba, a ƙarshensa a nuna maka abin da ke aiki. Kuskure na fitowa da wuri. Amma akwai abin da masu tallarsa ba sa son faɗa: lokacinka yake ci. Dole kai ko wakilinka ku riƙa dubawa kuna cewa wannan a fara, wancan a jinkirta. In ba ka da sukuni, ma'aikatan za su yi ta kintace, kuɗi na tafiya. Jimillar kuɗin ma ba a cika saninta tun farko ba, don haka kamfanin da ya yi maka alkawarin Agile tare da tsayayyen farashi, tsayayyen wa'adi da dukan buƙatunka, sai ka sake zama da shi. Taron minti 15 na kowace rana da ma'aikata ke yi a Scrum kaɗai ba ya mai da aiki Agile.

Spiral na Barry Boehm, na 1986, yana tafiya zagaye-zagaye, a kowanne ana auna haɗari a gina samfurin gwaji. Yana da tsada kuma sai ƙwararru. Ƙaramin aiki ba ya buƙatarsa. Kanban kuwa, tsarin bibiyar ayyuka a kan allo wanda aka aro daga masana'antar Toyota, ya fi amfani bayan an miƙa manhaja, lokacin da gyare-gyare ke zuwa ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, ga yawancin manhajojin kasuwanci Scrum ya fi, muddin an rubuta a kwangila ranar da za ka fara taɓa manhajar da hannunka, da yadda za a lissafa kuɗin kowane canji.