Waya, littafi ko malami: wanne ya dace da mai son koyon salon maganar Turanci?

Ma'aikaci a Abuja yana iya rubuta wasiƙar ofis tsaf, amma a taro shugaba ya ce "let's call it a day" sai ya tsaya zuru, alhali cewa aka yi a tashi haka nan. Irin waɗannan maganganu a bakin mutane ake tsintarsu, kuma hanyoyin koyonsu sun sha bamban wajen kuɗi da amfani.

Mafi sauƙin kuɗi ita ce waya. Sashen koyar da Turanci na BBC yana da shirin The English We Speak, wanda bai cika wuce minti uku ba: mutum biyu suna hira, su ɗauki magana ɗaya su juya ta cikin misalai. Kyauta ne, data kawai za ka saya, kuma murya ba ta cin data kamar bidiyo. Wanda ke kwashe sa'a guda a cunkoson Nyanya ko hanyar Kubwa kullum safe ya samu ajinsa a cikin mota. Matsalar ita ce ba mai gyara maka idan ka faɗi magana ba a muhallinta ba. Manhajar koyon harsuna ta Duolingo kuwa ta fi ƙarfi wajen kalmomi da gina jimla, don wannan buƙatar ban ga dalilin biyan kuɗinta ba.

Littafi sau ɗaya ake saye. English Idioms in Use na Cambridge, wanda Michael McCarthy da Felicity O'Dell suka rubuta, yana da bayani a shafin hagu, aikin gwaji a na dama. Ka fara da na matsakaicin mataki. Idan a bakin titi za ka saya, buɗe shi tukuna, don bugun jabu yakan zo da dusasshen rubutu, wani ma babu shafukan amsoshi na baya.

Malami shi ne mai tsada, a nan kuma aka fi yin asara. Cibiyoyi da yawa a Wuse da Garki shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu son karatu ko aiki a ƙasashen waje, suke koyarwa, wanda daban yake da hira. Kafin ka biya, nemi a bar ka ka zauna darasi ɗaya. Ƙirga ɗaliban, ka lura wa ya fi magana. Idan malam ne ke ta zuba ana kwafa daga allo, riƙe kuɗinka. Ka kuma tambaye shi Turancin ina yake koyarwa: mu nan "more grease to your elbow" muke cewa, a Ingila kuwa "more power to your elbow" aka sani.

Ni dai shawarata, a haɗa shirin BBC da abokin aiki wanda bakinsa ya faɗa da Turanci, ku riƙa hirar minti goma lokacin cin abincin rana, kana gwada abin da ka ji da safe. Malami sai ga wanda ganawar neman aiki ko tafiya waje ta matso masa.