Wata 8 da sa sabon fad ɗin birki a motar gida, ga yadda na same shi

Motar tamu 'yar Kwatano ce mai kujera 7, otomatik, ita ke kai yara makaranta ita ke zuwa cefane, duk ƙarshen wata kuma mu loda mu tafi Daura gaida Hajiya. A bara sau 3 ina canza fad ɗin gaba, wallahi har na fara tunanin sayar da ita, ashe laifina ne, kullum mai araha nake cewa a ɗauko, wanda ake ce maka "wannan ma yana yi Alhaji", kuma yana yin, na wata 3.

Na ƙarshen nan wajen Mashi ya fara ƙara ƙiii kamar ana wasa wuƙa, in na taka sitiyari na rawa a hannuna, uwargida sai salati take a baya. Da muka dawo Katsina bakanikena ya kwance taya ya ce Alhaji zo ka gani da idonka. Fad ɗin ciki ya cinye saura ƙarfe har ya zane diski, na waje kuwa da sauransa sosai. Ya ce fin ɗin kalifa ne ya ƙame, wato 'yar sandar da kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin diski) ke zamewa a kai, ƙura ta shiga robar da ke rufe shi ta yage giris ya bushe, shi ya sa gefe ɗaya ke ta gugar diski ko ban taka ba. Duk canjin da ake yi mani a baya ba wanda ya taɓa ciro fin ɗin nan ya wanke.

Na cije na sayi orijina, kuɗinsa ya ninka na wancan, aka canza diski biyu na gaba, aka zubar da tsohon man birki da ya yi baƙi aka zuba DOT 3 kamar yadda aka rubuta a murfin. Ni da nake ta ƙara mai in ya sauka, ashe saukar ma alama ce fad na cinyewa.

Yanzu wata 8, ba ƙara ba rawa, taku kaɗan ta tsaya ko da lodi. Abin da ban so ba shi ne baƙar ƙurar da yake bari a rim, sai wanki. Satin jiya aka duba, ko rabi bai ci ba, bakaniken ya ce sai kaurinsa ya kusa milimita 3 za mu sake magana.