Zoben silikon ko fanka: wanne za a saya wa amfilifaya mai bawul?

Malam, ka ce amfilifayarka (injin ƙara sauti) mai bawul, wato kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi, tana ƙugi, kana tambaya ko zoben silikon za ka saya mata ko fanka. Sayi fanka. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12, faɗin milimita 80 ko 120, ita ce ke ceton waɗannan injinan a zafin Accra. Ka ba ta adafta tata daban mai bolt 7 zuwa 9, sai ta riƙa juyawa a hankali ba ka jin motsinta. Ka ɗaure ta a baya da roba tsakaninta da ƙarfe, tana zuƙe iska mai zafi waje, kada ta hura kan kwalbar bawul kai tsaye, wayarta kuma ta yi nesa da wayar shigar sauti. Babbar kwalbar bawul irin EL34 ko 6L6 tana kaiwa digiri 200, kuma kafasitocin (masu ajiye cajin wuta) da ke gefenta ne ke fara bushewa. Idan hunturu ya shigo, ka riƙa share ƙura.

Zobe kuwa, aikinsa ɗaya ne: ana sa shi a jikin kwalbar bawul don rage girgizarta. Rage murya, ka ƙwanƙwasa ƙaramar kwalbar bawul 12AX7 ta farko da fensir. In ka ji "ƙyal" a sifika, sa mata zobe biyu. In ba ka ji ba, riƙe kuɗinka.

Ƙugin nan da ke damunka, zobe ko fanka babu wanda zai kashe shi. Saurare shi da kyau. Mai kauri na can ƙasa, hertz 50 ne, irin na wutarmu: yawanci daga wayoyin hita (mai ɗumama bawul) yake, ko ayas (wayar ƙasa) ɗin da bai zauna ba. A murɗe wayoyin hita biyu su zama igiya, kuma in taransifomar ba ta da wayar tsakiya, a sa resista mai ohm 100 daga kowace wayar hita zuwa ayas. Mai ɗan kaifi, hertz 100, kafasitocin tace wuta ne suka gaji, canji suke so. Suna riƙe bolt sama da 400 ko an kashe injin, don haka a sauke cajin a auna da mita kafin hannu ya shiga.

In amfilifayar hom-yus ce (tsohuwa da aka shigo da ita) daga Amurka, don bolt 120 da hertz 60 aka naɗe taransifomarta. Ko ka sa mata mai rage wuta, a hertz 50 za ta fi ɗaukar zafi, ƙarfenta ma yana iya yin ƙugi da kansa. Ƙara ɗaure kusoshinta, sannan ka auna hita: ya tsaya kusa da bolt 6.3.

A yi hattara a kasuwa. Akwai masu miƙa maka baƙin zoben famfon ruwa su rantse silikon ne. Wannan robar ba ta jure abin da ya wuce digiri 120 sosai, za ta ƙandare ko ta manne a kwalba. Fanka ma a haɗa ta da wuta a gabanka, ka riƙe ta a hannu. In tana karkarwa, mayar masa.