Na biya kuɗin ganin lauya kan bashi, ga yadda na ga aikin nasu

Jama'a masu fama da bashi, musamman 'yan kasuwa irina da kaya suka kwanta musu, akwai wani ofishin lauyoyi a nan cikin Kano da ke ba da shawara kan bashi, ka biya kuɗin zama a ba ka lokaci ka zazzage tambayoyinka, ba sai kana da shari'a a kotu ba. Ba zan faɗi sunansu ba kar a ce talla nake, kuma dai akwai inda zan ɗan taɓa su.

Ni abin da ya kai ni bashin banki ne da na kayan da na ɗauka wajen dila, sannan na sha ganin bidiyoyi a TikTok ana cewa a Amurka mutum zai je kotu ya ce ya karye a yafe masa komai ya koma gida ya yi barcinsa. Da wannan tambayar na fara. Barista ya yi dariya ya ce Alhaji ai mu ma muna da dokar karayar arziki tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara, amma fa kar ka ɗauka hutu ne. In kotu ta ayyana ka a wanda ya karye, dukiyarka za ta koma hannun wanda aka naɗa ya sayar ya raba wa masu binka, ba ka da damar zama daraktan kamfani, ko takarar majalisa ma tsarin mulkin 1999 ya hana ka har sai an wanke ka. Dokar ta tsufa sosai, wai bashin naira 2,000 ne mafi ƙarancin abin da mai binka zai iya shigar da wannan ƙara a kai, kuɗin da yau ko man babur ba zai cika maka ba. Ya ce min ƙiri-ƙiri wannan hanya ba tawa ba ce, kuɗin shari'ar ma kaɗai sai ya ƙara min wani bashin. Nan ya fara burge ni gaskiya, don da wani ne cewa zai yi kawo kuɗi mu shigar.

Inda na fi cin riba shi ne maganar 'yan sanda, don dilan nan ya daɗe yana min barazana da su, ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Barista ya buɗe min Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sashe na 32 na gani da idona, ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci kawai, wannan aikin kotun farar hula ne, sashe na 36 kuma ya ce ba a kama ɗanka ko matarka a madadinka. Amma ya ja min kunne sosai kan cek, ya ce in ka rubuta wa mutum cek ka san babu kuɗi a asusun ya je banki ya dawo, to an bar maganar bashi an shiga laifi, dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2. Mu kuwa a kasuwa haka ake mana, a ce bar cek a matsayin jingina, mu rattaba hannu muna murna an ba mu kaya.

Na banki bai ɓoye min komai ba. Tun 2020 CBN ya fito da tsarin GSI, in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar lamuni kuma ka gaza biya, za su bi BVN ɗinka su zare kuɗi daga asusunka na wasu bankunan, wato dabarar kwashe kuɗi a kai wani banki ta mutu. Wanda ya tsaya maka ma za a iya binsa, shi ya sa tsayawa mutum ba abin yi don kunya ba ne. Na tambaye shi in rai ya yi halinsa fa, ya ce daga abin da ka bari za a biya kafin a raba gado kamar dai yadda shari'ar Musulunci ta tsara, 'ya'yanka ba za su biya daga aljihunsu ba sai wanda ya tsaya maka a rubuce.

Shawararsa dai sulhu, a rubuta wa banki a nemi tsawaita lokaci da rage tarar jinkiri, dila kuma a zauna da shugabannin kasuwa a rubuta biya kaɗan-kaɗan da shaidu, kuma in daina kashe waya.

To sai ƙorafina. Lokacin da suka ba ni daban lokacin da aka gan ni daban, na zauna har na fara gyangyaɗi ga wajen jiran ba fanka mai aiki. Barista in magana ta yi daɗi sai ya zarce da Turanci, sai na ce Barista a dawo da ni gida tukuna. Rasit sai da na roƙa, kuma ba sa ba ka komai a rubuce, in ba ka je da biro da takarda ba rabin bayanin a hanya zai zube. Wasiƙar bankin ma kuɗinta daban ne, ba su faɗa ba sai a ƙarshe, wannan kam bai min daɗi ba ko kaɗan.

Duk da haka tauraro 4 cikin 5 zan ba su. In za ka je irin wannan waje ka ɗauki takardar yarjejeniyar lamunin da bayanan asusunka da duk saƙonnin barazanar da aka turo maka, kuma tun a bakin ƙofa ka tambayi sakatariya kuɗin zama nawa kuɗin wasiƙa nawa.