Sharhi kan tiyoyin silikon da na sa wa tsohuwar Peugeot 504 bayan wata bakwai ina hawanta

Motar da zan yi bayani a kanta Peugeot 504 ce mai dogon baya, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya tun ina makarantar firamare. Ita 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma duk wanda ya girma a Maradi ya san yadda ta riƙe hanyar Katsina da ta Damagaram shekara da shekaru. Tawa dai jikinta kaɗai ya rage na asali, domin shekara huɗu da suka wuce na sauke injinta mai shan fetur na ɗora na gazuwal mai lita 2.5 da aka ciro daga 505, na sa mata lagireto na alminiyam wanda ya fi na da girma, sannan na ƙara fanka mai aiki da lantarki. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, daga ranar da aka yi wannan canji, shiga shagon kayan mota a ce "a ba ni tiyon 504" ya daina yi mini amfani, tun da bakin lagireton da bakin injin ba sa inda masu ƙera motar suka ajiye su, kuma faɗinsu ma ya bambanta.

A watan Afrilu, da tsakar rana, ina kan hanyar Tasawa, ban daɗe da wuce Cadawa ba sai na ga allurar zafi ta miƙe, kafin in sami gefen tsayawa tururi ya turnuƙe gaban motar. Da ta huce na buɗe, sai na tarar tiyon sama ashe guntaye biyu ne aka haɗa da ɗan bututun famfo irin na gida, aka naɗe mahaɗar da robar tayar babur. Bututun sumul yake, ba shi da tudu a baki da zai riƙe maɗauri, saboda haka da ruwa ya yi zafi ya takura sai ya zare kawai. Da a ce na ci gaba da tafiya ko da kilomita biyu ne, da kan injin ya tafi.

Bayan an jawo ta gida na yanke shawarar kada a sake yi mata faci, a canza duk wani tiyo da ruwa ko mai ke bi ta cikinsa. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya san motar tun zamanin mahaifinmu, wanda nake kira Baba, shi kuma har yau ɗan Alhaji yake ce mini duk da furfurar da ta fito mini. Abu na farko da ya burge ni shi ne bai aiki yaro kasuwa ba sai da ya auna. Ya ɗauki waya mai kauri ya lanƙwasa ta daga bakin inji zuwa bakin lagireto har ta ɗauki siffar hanyar da tiyon zai bi, nesa da bel da fanka, ya auna kowane baki, ya rubuta a bayan kwalin sigari. Bakin lagireton milimita 32 ne, na injin kuma ya fi shi faɗi, don haka dole sai da tiyo mai baki biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami.

Da wannan waya da kwalin na je wurin wani mai kawo kaya daga Kano, wanda ya ba ni shawarar tiyoyin silikon, wata irin roba mai jure zafi, shuɗaye, masu zare a cikin jikinsu, ana sayar da su gwiwa-gwiwa da miƙaƙƙu, mai aiki ya haɗa yadda motarsa take buƙata. Na jira kwana tara kafin su iso, kuma tare da guntayen bututun alminiyam masu tudu a baki da maɗaurai sun ci mini jika 48, kuɗin da zai sayi baƙin tiyo na roba ninki uku ko fiye.

Hukuncina a kansu, a ɓangaren ruwan sanyaya inji, shi ne sun biya kuɗinsu. Silikon yana jure zafin da ya haura digiri 150 ba tare da ya bushe ya tsattsage ba, alhali ruwan da ke cikin lagireto mai lafiyayyen murfi mai riƙe matsin bar 1 sai ya kai wajen digiri 120 yake tafasa, wato akwai tazara mai kyau. An gama aikin a watan Mayu, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40, na yi Damagaram da ita sau biyu, tafiyar sama da kilomita 200 kowace zuwa, da kaya da mutane, allurar ba ta wuce tsakiya ba. Yau wata bakwai, in na matsa tiyon da hannu laushinsa na nan kamar ranar da aka sa shi. Tiyon ƙasa, wanda famfon ruwa ke zuƙa ta cikinsa, shi na fi jin tsoro, domin irinsa ne ke shaƙewa ya manne idan inji na juyawa da ƙarfi, amma Baba ya rage tsawon robar ya sa bututun alminiyam a tsakiya, kuma ban taɓa ganin ya lotsa ba.

Sai dai akwai abubuwan da mai sayarwa bai faɗa mini ba. Na farko, silikon yana barin tururin ruwa ya ratsa jikinsa a hankali, ba ɗiga ba ce da ido zai gani, amma ruwan na raguwa, ni kuma na tarar ina ƙara kamar rabin kofin shayi duk mako biyu ko uku. Na yi kwanaki ina leƙen ƙarƙashin motar ina neman inda ke yoyo kafin in gane dalilin. Na biyu, maɗaurin da aka saba da shi, mai ramuka a jikinsa, yana cin silikon kamar zarto idan aka ɗaure shi da ƙarfi, domin robar na kutsawa cikin ramukan. Guda biyu irin wannan yaran gareji suka sa a inda masu sumul ɗin ciki suka ƙare, kuma cikin wata ɗaya na ga shaidar haƙoransu a jikin tiyon, sai da aka canza su. Haka kuma kowane maɗauri yana son a sake ɗaure shi bayan inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku. Ƙura ma tana manne masa ƙwarai, yanzu da hunturu ya shigo shuɗin nan da ya ja hankalina a shago ya koma ruwan ƙasa, ko da yake wannan bai shafi aikinsa ba.

Babban kuskuren kuwa a kan gazuwal aka yi shi, kuma ina da hannu a ciki. Mai sayarwar ya ce mini wannan tiyo ba ruwansa, ruwa ko mai duk yana ɗauka, ni kuma na matsa wa Baba ya sa ragowar siririn a layin da ke mayar da gazuwal tanki. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Alhaji, motarka ce, amma wannan robar ba ta mai ba ce." Kafin mako uku tiyon ya kumbura ya yi laushi, jikinsa na naso, hannu ya taɓa ya ɗauko maiƙo. Silikon na yau da kullum ba ya jure fetur ko gazuwal ko baƙin mai, haka ita ma baƙar robar lagireto, wadda ake kira EPDM. Layin mai yana da tasa robar, kuma akan buga alamarta a jikin tiyon, irin su SAE J30, don haka mai saye ya karanta da idonsa kada ya tsaya ga bakin mai shago. Da muka sa na ainihi, har a layin da ke zuƙo mai daga tanki, sai wata tsohuwar cuta ta warke: motar ta daɗe tana wahalar tashi da asuba, na canza batir a banza, ashe tsohon tiyon ne ya tsage yana shigar da iska cikin dare.

Birki bai ɗauki lokaci ba. An canza tiyoyin roba na ƙafafu, domin ɗaya na gaba ya kumbura daga ciki yana riƙe mai har tayar na zafi, aka zubar da tsohon man da ya yi baƙi aka zuba sabon man birki samfurin DOT 4. An kuma sa tiyo mai kauri tsakanin famfon da ke zuƙe iska da tukunyar birki, tun da injin gazuwal ba ya samar da wannan zuƙar da kansa kamar na fetur.

Game da aikin garejin, na ba Baba yabo a kan awo da haƙuri, kuma jika 20 da ya karɓa bai yi yawa ba a aikin kwana biyu. Inda muka saɓa shi ne kalosta, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wanda ya so ya cire ya jefar kamar yadda yawancin kanikawanmu ke yi, wai ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. Na ƙi, domin injin gazuwal da ke aiki a sanyaye yana ƙara hayaƙi da shan mai, aka sa sabo. Yaronsa kuma ya cika lagireto bai fitar da iskar da ta maƙale a ciki ba, gwajin farko ko Tibiri ba mu kai ba allura ta hau, muka dawo aka ɗaga gaban motar aka bar ta tana aiki murfi a buɗe har kumfa ta ƙare. Ruwan rijiya ma na hana a zuba, saboda gishirin da ke cikinsa yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, alminiyam kuma yana buƙatar ruwan sanyaya inji na galan mai maganin tsatsa.

Wanda motarsa ke nan yadda aka ƙera ta, baƙin tiyo mai kyau na ainihin samfurinta ya ishe shi, ya riƙe kuɗinsa. Wanda ya canza inji ko lagireto kamar ni, silikon zai fitar da shi a layin ruwa kaɗai, in ya haɗa da bututu mai tudu da maɗauri mai sumul ɗin ciki. Wayar da Baba ya lanƙwasa da kwalin awon suna cikin akwatin motar tare da gwiwa ɗaya da ta rage da maɗaurai huɗu, domin tiyoyin hita guda biyu ba a taɓa su ba tukuna, su za mu yi kafin zafin Maris ya shigo.