Yaya, ka dakata da maganar injin faifan nan

Salam Yaya, ya gida ya su Umma, ya aka ji da zafi. Na saurari saƙonka kan injin buga faifai da ka ce in tambayo maka a kasuwar Alaba, na je kuma na tambaya, amma don Allah kafin ka turo ko sisi tsaya ka ji yadda harkar ta koma a Ikko.

Alaba ta Ojo a da su ne iyayen gidan Nollywood, dillali ya ba furodusa kuɗi a yi fim, ya karɓe ya buga faifai ya watsa ƙasa, kamar dai yadda mutanen Ƙofar Wambai suka riƙe namu na Kano. Yanzu layin da na shiga yawancin shagunan caja ne da sifika da kayan sola. Wani ɗan Ibo da na yi wa maganar injin sai da ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in da gaske nake zai kakkarya min kuɗin don ya gaji da goge masa ƙura.

Kallo bai ragu ba fa, ƙaruwa ma ya yi, hanyar kuɗin ce ta sauya. Manya suna da nasu, Netflix ta shigo tun 2016, a 2018 ta sayi fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji kowa ya ce kakar 'yan fim ta yanke saƙa, Amazon ma ta zo da Prime Video a 2022 amma farkon 2024 ta ja baya da ɗaukar nauyin finafinan Afirka. Wannan kallon 'yan Lekki da Ikoyi ne masu intanet a gida da katin banki da ake cirewa duk wata. Silima ma tana ci, fim ɗin Funke Akindele ya haura naira biliyan 1 a farkon 2024, sai dai tikiti ɗaya da gugguru a Ikeja ya isa cefanen gidanmu, ni kam leƙawa kawai na yi na fito.

Kasuwar gaske YouTube ce. 'Yan fim irin su Ruth Kadiri da Omoni Oboli tasharsu suka buɗe, su saki fim sukutum kyauta, ba dillali ba mai rabawa. Tsarin shi ne sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara lissafa maka kuɗin talla, kai kashi 55 su kashi 45, da dala ake biya kuma sai ta kai 100 za su turo. Abin da ya ɗaure min kai, ashe ido ma suna suka tara, wani yaro mai haɗa hoto a Surulere ya nuna min a kwamfutarsa, mutum ɗaya da ya kalla daga Ingila ko Amurka ya fi tarin mutanen nan kawo kuɗi saboda tallan can ya fi tsada, shi ya sa za ka ga ko fim ɗin Yarbanci ne sai sun rubuta masa Turanci a ƙasa don 'ya'yansu na waje.

A Agege wajen mai shayinmu kusa da layin dogo, bayan isha'i za ka ga waya a jingine da gwangwanin madara, masu dako da masu gadi kusan goma sun zagaye ta ana kallon Labarina ko Izzar So, talla na shigowa sai ka ji an yi tsaki gaba ɗaya wani ya kai yatsa ya tsallake, ba su san tallar ce abincin mai fim ɗin ba. Mai wayar shi ke sayen data sauran su saya masa shayi da ƙwai. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025, da yawa sai tsakar dare suke saukewa da datar dare.

To a nan ne muka bambanta da su. Mu a gida mai turi a kasuwar waya ta Farm Centre zai sauke sau ɗaya ya tura wa waya ɗari ya karɓi 'yan canjinsa, a lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Shi ya sa namu suke cusa tallar mai turare da mai maganin gargajiya cikin shirin har ka manta inda labari ya tsaya, ban ga laifinsu ba gaskiya, kuɗin jarumai da na janareta ba daga sama za su faɗo ba.

Waƙa kuwa ba ma a maganar sayarwa. Manhajar jin waƙa ta Boomplay a cikin wayoyin Tecno da Infinix take zuwa, ga Audiomack, Spotify ma ta shigo 2021. Mawaƙi burinsa yara su ɗauki baiti ɗaya su yi ta rawa a TikTok, kuɗin sai a wasan Disamba da tallan kamfanoni, namu kuma biki da siyasa.

Shawarata kuɗin nan ka raba biyu, waya mai kyamara mai kyau da ƙaramin makirfo, a kasuwar waya ta Computer Village zan samo maka ta hannu mai lafiya, ragowar ka sa autanmu ya koyi haɗa bidiyo tunda dama kullum yana kan waya. Shagon kuma ka bar turi da caji su ci gaba da riƙe shi tukuna. In ka amince ka faɗa min kafin Juma'a, akwai direban tirela ɗan unguwarmu da zai taso daga Mile 12 sai in ba shi kayan. A gaida Umma, a ce mata saƙonta na atamfa yana tafe tare.